Maɓallin A Ya Mutu a Kwamfutar Yayana, Ga Kundin Digiri a Gabana

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, ina rubuta kundin kammala digiri da kwamfutar tafi-da-gidanka ta yayana. Aro ya ba ni, tare da kashedin in kula da ita, domin da ita yake aikinsa. Kwanakin baya ruwa ya ɗan fantsama a gefen hagu na kibod ɗin, na goge nan take. Daga nan maɓallin A ya fara gardama, sai na danna da ƙarfi, yanzu kuma ya daina gaba ɗaya. Q ma wani lokaci yakan ƙi fitowa. Kwafo harafin nake yi ina liƙawa duk inda nake buƙatarsa, har hannuna ya gaji. Kalmar sirrin shiga kwamfutar tana da A a cikinta, shi ya sa ko kashe ta ba na iya yi don tsoro. Wata ƙawata ta ce ana iya ɗora wa wani maɓalli aikin wanda ya lalace. Gaskiya ne? Kuma idan na yi haka, zan iya mayar wa Yaya da kayansa ba tare da ya gane ba? Windows 11 ce a kanta."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ƙawarki ta faɗa miki. Ana yi, kuma ba abu ne mai wuya ba, cikin 'yan mintuna za ki gama ki koma kan rubutunki. Tambayarki ta biyu kuwa amsarta a'a ce, kuma idan kika ga yadda aikin yake, ke da kanki za ki gane dalili. Na tausaya miki ƙwarai, domin A ba harafin da ake iya kauce masa ba ne. A rubutun Hausa babu harafin da ya kai shi yawan fitowa, a Turanci ma yana cikin na gaba-gaba. Ki kwantar da hankalinki mu bi abin a hankali.

Abu na farko, tun kafin ki taɓa wani saiti, ki kwafe kundin nan zuwa wurare biyu da ba cikin kwamfutar ba: filas ɗaya, sannan ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a Google Drive ko OneDrive. Yau za ki yi wannan, ba gobe ba. Kwamfutar da ruwa ya taɓa tana iya ci gaba da aiki lafiya shekara da shekaru, tana kuma iya ƙin tashi wata safiya ba tare da gargaɗi ba. Ana iya sayen kibod, amma watannin da kika kwashe kina bincike ba mai mayar miki da su.

Sai tsoron kashe ta. Wannan ki ajiye shi gefe. A shafin da ake rubuta kalmar sirri, ki duba kusurwar ƙasa ta dama, kusa da alamar intanet da ta kashewa, za ki ga alamar ɗan mutum. Idan kika danna ta akwai zaɓin On-screen keyboard, wato kibod da ke bayyana a fuskar kwamfuta, ki riƙa danna haruffansa da linzami, wato mouse. Da shi za ki sa A ɗin kalmar sirrin ki shiga. Idan kuma kina ciki, danna maɓallin Windows da Ctrl da O a tare yana fito da shi. Ki gwada tun yanzu: ki kulle kwamfutar da Windows da L, ki sake shiga ta wannan hanyar, don zuciyarki ta natsu. Barin kwamfuta a kunne dare da rana saboda tsoro ba alheri ba ne gare ta, balle wadda ake zargin akwai danshi a cikinta.

Yanzu ga yadda abin yake. Maɓallin da ke kan kibod bai san harafin da aka zana a bayansa ba. Duk lokacin da kika danna shi, lamba kawai yake aikawa, Windows ce take duba lambar ta yanke abin da za ta fitar. Lambar maɓallin A ita ce 30, ta Caps Lock kuma 58. Abin da ƙawarki take nufi shi ne a gaya wa Windows cewa daga yau idan ta ga 58 ta ɗauka 30 ta gani. Shi ke nan. Ba a gyara maɓallin da ya mutu ba, an dai sauya hanyar da harafin zai biyo. Da babu gara ba daɗi, kuma a halin da kike ciki wannan ba daɗin ya isa ya kai ki ƙarshen babi na biyar.

Kafin ki sauya, ki tabbatar laifin na maɓallin ne. Idan akwai mai kibod na waje a kusa da ke, irin wanda ake jonawa ta USB, ki ara ki jona. A ya fito a na waje amma ya ƙi a na jikin kwamfutar? To, maɓallin ne ya lalace. Idan kuwa ya ƙi a duka biyun, matsalar ta manhaja ce, kuma wannan wani zance ne daban. Ki kuma leƙa saitin Accessibility, sashen kibod, ki ga ko Filter Keys a kunne yake. Riƙe Shift na dama tsawon daƙiƙa 8 yana iya kunna shi ba da saninki ba, kuma yana sa kwamfuta ta yi biris da dannawa mai sauri. Ba na zaton shi ne matsalarki, tunda ruwa ya shigo cikin labarin, amma dubawar ba za ta ci miki lokaci ba.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne zaɓen maɓallin da za a sadaukar, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Mai rubutu da Hausa yakan ce ai P da Q da V da X ba sa cikin haruffanmu, bari in ɗauki ɗaya daga ciki. Kada ki yi. Ranar da za ki liƙa rubutu da Ctrl da V, ko ki yanke da Ctrl da X, ko ki rubuta adireshin imel, ko sunan wani marubuci a jerin manazarta, za ki neme su ki rasa. Kada kuma ki taɓa Alt na dama, domin a wasu tsare-tsaren kibod da shi ake fitar da haruffa na musamman. Maɓallan F1 zuwa F12 da ke can sama sun yi nisa da yatsu, ba za ki iya miƙa hannu can a kowace kalma ba. Fn kuwa ba ya sauyuwa ko kin so, saboda a yawancin kwamfutoci saƙonsa ba ya ma isa wurin Windows.

A matsalarki an yi dace. Caps Lock yana manne da A ta hagu, a layi ɗaya, kuma ɗan ƙaramin yatsan da ke danna A shi ne dai zai danna shi. Matsawa kaɗan kawai zai yi. Ga shi da faɗi, ba ya wuyar samu ko ba ki kallo. Aikinsa na asali kuma ana iya rayuwa ba shi: babban harafi ɗaya Shift yana bayarwa, idan kuma kina son kanun babi duka da manyan haruffa, a Word ki zaɓi rubutun ki danna Shift da F3, zai juya miki shi. A kwana biyun farko yatsanki zai riƙa komawa tsohon wuri, wannan dole ne. Ki ɗauki sakin layi ɗaya ki buga shi a hankali sau da yawa, hannu yana saurin koyo fiye da yadda ake zato. Abu ɗaya dai: ki fara gwada Caps Lock ɗin ki ga yana aiki kowane lokaci, tunda shi ma yana gefen da ruwan ya taɓa. Idan shi ma yana gardama, maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, a hagun lamba 1, shi ne zaɓi na biyu, in dai yana da rai.

Manhajar da nake ba ki shawara ita ce PowerToys. Ta kamfanin Microsoft ce da kansa, kyauta ce, kuma tana cikin Microsoft Store, don haka ba sai kin shiga shafukan da ba ki sani ba kin kwaso wa kwamfutar mutane cuta. Sunanta ma babu A a ciki, za ki iya buga shi a wurin nema ba wahala. Bayan kin sauke ta, ki buɗe sashen Keyboard Manager, ki kunna shi, ki shiga Remap a key, ki ƙara sabon layi. Za ki ga gurbi biyu. Na hagu shi ne maɓallin da za ki riƙa dannawa, wato Caps Lock. Na dama shi ne abin da kike so ya fito, wato A. Ki lura da wannan sosai, domin da yawa sukan juya su, su sa mataccen maɓallin a hagu, sannan su yi ta mamakin abin da ya hana shi aiki. Tunda ba za ki iya danna A don ki nuna mata shi ba, ki zaɓo shi daga jerin da ke saukowa a gurbin dama. Idan kika tabbatar, za ta yi miki gargaɗi cewa yanzu babu maɓallin da ke yin aikin Caps Lock. Ki amince ki wuce, abin da kike so ke nan.

Ki tabbatar Caps Lock a kashe yake a lokacin da za ki yi sauyin. Idan yana kunne kika sauya shi, komai zai riƙa fitowa da manyan haruffa, ga shi kin raba kanki da makashinsa. In hakan ta faru, ki kashe Keyboard Manager na ɗan lokaci, ki danna Caps Lock, sannan ki sake kunna shi. Da zarar an gama, Shift da Caps Lock zai ba ki babban A, Ctrl da Caps Lock kuma zai zaɓi dukkan rubutu kamar yadda Ctrl da A yake yi.

PowerToys tana da iyakarta, kuma gara ki sani tun yanzu. Sauyin yana aiki ne kawai muddin manhajar tana kunne a bayan fage, don haka ki bar zaɓin da ke sa ta tashi tare da Windows a kunne. A shafin kalmar sirri ba ta riga ta tashi ba, ke nan a can za ki ci gaba da amfani da kibod ɗin fuska. Haka nan idan wata manhaja tana gudana da izinin mai kula da kwamfuta, sauyin ba zai yi aiki a cikinta ba sai PowerToys ɗin ma an buɗe ta da wannan izinin. Ga mai rubutu a Word da bincike a intanet, wannan ba zai dame ki ba.

Akwai wata manhajar, SharpKeys, wadda za ki ji ana yabo, kuma ta cancanci yabon. Ita tana rubuta sauyin ne a cikin rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki, a wani gurbi mai suna Scancode Map, sai a sake kunna kwamfuta. Daga nan sauyin ya zauna, ba ya buƙatar wata manhaja a kunne, kuma yana aiki har a shafin kalmar sirri. Da kwamfutarki ce, da ita zan ce ki ɗauka. Amma wannan sauyin yana hawa kan duk wanda ya shiga kwamfutar, da duk kibod ɗin da aka jona mata. A kayan aro ba na son ki taɓa rijista ba da sanin mai kaya ba. PowerToys kuwa da dannawa ɗaya ake kashe ta komai ya koma yadda yake. Masu Mac da ke karanta wannan: saitin da ke cikin kwamfutarku yana sauya Caps Lock ne zuwa irin su Control ko Escape kawai, idan harafi kuke so sai ku nemi Karabiner-Elements. Masu Linux kuma su duba keyd.

To, mu zo ga Q ɗin nan da kika ambata kamar ba komai ba. Shi ne ya fi damuna a duk wasiƙarki. A ƙarƙashin maɓallan kwamfuta akwai siraran ledoji masu ɗauke da layukan wuta, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Kowane maɓalli yana zaune ne a mahaɗar layi biyu, idan aka danna shi sai layukan su haɗu, kwamfuta ta gane wanda aka taɓa. Ma'ana maɓallai da yawa suna tarayya a layi ɗaya. Idan ƙura ko wani ɗan tsaki ne ya shiga ƙarƙashin maɓalli, shi kaɗai yake shafa. Idan kuwa ruwa ya shiga tsakanin ledojin, yakan fara cin layin a hankali, sai maɓallan da ke kansa su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A kwamfutoci da yawa 1 da Q da A da Z sukan tafi tare. Ki buɗe Notepad ki bi duk maɓallan gefen hagu ɗaya-ɗaya, har da Tab da Shift da Esc, ki rubuta a takarda waɗanda suke ƙi. Ki maimaita bayan kwana biyu. Idan jerin yana ƙaruwa, lalacewar tana tafiya ne, kuma ba ki da isassun maɓallan da za ki yi ta sadaukarwa. Goge saman da kika yi ya taimaka, amma ba ya kaiwa inda ruwan ya sauka.

Abin da za ki iya yi da hannunki kaɗan ne. Ki kashe ta gaba ɗaya, ki cire caja, ki karkata ta ki ɗan bubbuga bayanta a hankali, ki share tsakanin maɓallan da burushi mai laushi. Kada ki hura mata iska mai zafi, robobin suna narkewa. Kada kuma ki ɓamɓare murfin maɓallin don ki leƙa. A ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙananan robobi biyu masu siffar almakashi, haƙoransu sirara ne ƙwarai, kuma wanda bai saba ba yakan karya su tun a karon farko. Ki kuma dubi jikin kwamfutar daga gefe: idan kika ga wurin linzami ya ɗago, ko murfin ƙasa ya kumbura, wannan batir ne ya kumbura. A nan ba zancen maɓalli ake ba, ki daina cajin ta, ki daina amfani da ita har sai mai gyara ya gani, domin batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Idan a teburi ɗaya kike yawan zama ki yi rubutu, kibod na waje ya fi duk dabarun nan sauƙi. Ki jona, ki kashe sauyin PowerToys, ki yi ta aikinki da A na gaske. Sauyin ki bar shi don lokacin da kika fita da kwamfutar.

Yanzu batun Yaya. Ki yi tunanin ranar da zai karɓi kayansa. Zai zo shafin kalmar sirri, kalmar da shi ya ƙirƙira, mai A a ciki, ya danna A ya ga ba komai. PowerToys ba ta aiki a wurin, kin riga kin sani. In kuma SharpKeys kika sa, A ɗin dai bai dawo ba, sai ma ya danna Caps Lock ya ga harafi yana fitowa. Ta kowace hanya cikin minti ɗaya zai gane, kuma abin da zai gano ba maɓalli ɗaya ba ne. Zai gane ruwa ya taɓa kwamfutar, an sa mata manhajar da bai sani ba, kuma an yi shiru. Na ukun nan shi ne zai fi yi masa ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan: lokaci yana da muhimmanci a gyaran abin da ruwa ya taɓa. Idan an buɗe da wuri aka tsaftace, sau da yawa kibod kaɗai ake canzawa. Idan aka bar danshin ya isa babban allon da ke ƙasa, wato motherboard da ke haɗa sassan kwamfutar, gyaran ya zama wani abu daban, kuma aikinsa da ke cikin kwamfutar ma ya shiga haɗari. Shirun da kike yi don kada ransa ya ɓaci yana iya jawo masa asarar da ta fi ta yanzu. Idan ma kwamfutar ta wurin aikinsa ce, wataƙila akwai ƙa'ida kan wanda zai gyara ta da irin manhajar da aka yarda a sa mata, kuma shi kaɗai ya san wannan.

Na san abin da nauyi. Mutum ya yarda da ke ya ba ki abin sana'arsa, ga shi ya ja miki kunne tun farko. Amma tsautsayi ne, ba ganganci ba, kuma yayye sun san bambancin. Ki kira shi, kada ki tura saƙon rubutu. Ki faɗa masa kai tsaye, ba tare da dogon share fage ba: "Yaya, ka yi haƙuri, ruwa ya fantsama a kibod ɗin kwamfutarka, na goge amma maɓallin A ya daina aiki, Q ma ya fara. Na kwafe aikina, kai ma ya kamata a kwafe naka. Akwai hanyar da zan ci gaba da rubutu da wani maɓallin idan ka amince, amma ina ganin gara mai gyara ya duba ta da wuri. Ka faɗa mini yadda kake so a yi, ni ma zan sa abin da zan iya." Idan ya yi faɗa, ki saurara ki ba shi haƙuri, kada ki shiga kare kanki. Zai fi sauƙin hucewa idan ya ji kin zo da bayani da mafita a hannu. Kuma ki bar masa zaɓin mai gyara, kayansa ne.

Idan aka tashi kai ta, ki cire sauyin tukuna. A Keyboard Manager akwai alamar kwandon shara a gefen layin da kika ƙara, ko ki kashe sashen gaba ɗaya, don kada mai gyara ya danna Caps Lock ya ga A ya ɗauka wata matsalar ce ta daban. Ki ba shi takardar da kika rubuta maɓallan da suke ƙi, ki faɗa masa ruwa ne, da gefen da ya zuba, da ranar da abin ya faru. Ki roƙe shi ya duba ƙasan kibod ɗin da siririn kebul ɗin da ke haɗa shi da babban allo, ba maɓallin kawai ba. A wasu kwamfutocin kibod ɗin da 'yan sukurori aka ɗaure shi, ana canza shi a zama ɗaya. A sirarin na zamani kuwa sau da yawa a manne yake da murfin sama, sai an wargaza kusan komai, don haka ki tambaye shi kwana nawa za ta yi a wurinsa kafin ki bar ta, ki auna da ranar da malaminki yake jiran babi na gaba.